Martani ga Mai Cewa Matasa Su Bar Sharhin Siyasa

Malam, na karanta makalarka wadda ka yi bankwana da sharhin siyasa a cikinta, ka kuma shawarci matasa masu tasowa su kama sana'a su bar wa 'yan siyasa siyasarsu. Ka ce shekarun da ka shafe kana rubutu sun koya maka cewa rubutu ba ya sauya ƙuri'a, galibin masu yin sa a saye suke, wanda bai sayu ba kuma yana jefa kansa da iyalinsa cikin haɗari saboda mutanen da gobe ba za su tuna da shi ba. Na san ba da wasa ka faɗi wannan ba, gajiyar da ke cikin maganarka ta mai gaskiya ce. Hutu haƙƙinka ne, babu mai ikon hana ka. Shawarar da ka bai wa na baya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ta wuce kanka, ta shafi kowa, kuma a ganina darasin da ka ciro ya yi hannun riga da abin da idonka ya gani.

Siffar da ka yi wa fagen ba ni da ja a kanta. Duk mai kunna rediyo da dare a Kano ya san sojojin baka, ya san yadda ake sayen fili a tasha a ba mutum minti biyu ya wanke ubangidansa ya shafa wa abokin hamayya kashin kaji. Duk mai buɗe Facebook ya san 'yan data, yaran da ake tura wa saƙo guda da safe, kafin azahar ka gan shi a shafi hamsin ba a ko sauya waƙafi ba. Mun ga wanda ya shekara yana kuka da gwamnati, ranar da aka ba shi takardar mataimaki na musamman sai bakinsa ya mutu, ko ya juya yana zagin abokan kukansa na jiya. Duk wannan ya faru, yana kuma faruwa. Sai dai abin da ka siffanta roƙo ne da zambo, sana'a ce tsohuwa da ta samu sabon dandali. Ka ɗauki laifin maroƙa ka ɗora wa mai sharhi, sannan ka yanke wa su biyun hukunci guda.

Ma'aunin da ka yi awo da shi ma akwai gyara. Ka ce ka yi rubutu a kan ɗan takara, ka kawo hujja, aka wayi gari ya ci zaɓe da rata, saboda haka rubutun ya tashi a banza. Ranar zaɓe ita ce ranar da alƙalami ya fi rauni a duk shekara huɗu. Ranar taliya ce da atamfa da kuɗin cefane, ranar da uwa mai 'ya'ya shida take lissafin abin da za ta ɗora a murhu da dare. Wanda ya auna amfanin rubutu da sakamakon wannan rana dole ya karaya. Amma mulki ba a ranar zaɓe yake ƙarewa ba, a ranar yake farawa, kuma a sauran kwanakin ne ake rubuta kasafin kuɗi, a ba da kwangila, a saki kuɗi ko a danne su. A nan ne ya kamata ka duba ko magana tana aiki.

Duba Bagega. A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida da rijiya da abinci, yara su shaƙa su haɗiya. Sama da yara 400 suka rasu. An share ƙauyuka da dama, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa, amma Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Likitocin ƙungiyar MSF suna nan da magani a hannu, sai dai ba za su iya fara ba wa yaran ba, domin idan aka wanke jinin yaro aka mayar da shi gidan da gubar take, an yi aikin baban giwa. Sharar ƙasar kuwa tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, naira miliyan 850 da aka yi alkawari a 2012 aka kuma yi shiru. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar a ƙarƙashin shirin da suka kira Follow The Money. Ba su tsaya zagin shugaban ƙasa ba, ba su kuma tsaya yabon wani ɗan adawa ba. Sunan gari ɗaya suka riƙe, da adadin kuɗi ɗaya, da tambaya ɗaya: ina kuɗin suke? Suka yi ta maimaitawa, suka je garin suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, kafafen labarai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka tallafa, 'yan majalisa suka ji kunya suka motsa. A watan Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka share garin, aka fara yi wa yara magani. Babu gwamnatin da ta faɗi saboda Bagega, babu ƙuri'ar da ta sauya. Amma akwai samari da 'yan mata a Anka yau waɗanda da an bi shawararka a wancan lokaci, Allah kaɗai ya san ko da sun kai yanzu.

Ba ita kaɗai ba ce. A Janairun 2012 aka wayi gari litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, maganar da ta fara a rubuce ta fito titi, har a Kano inda Musulmi da Kirista suka yi gadin juna a lokacin ibada, gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Ƙudirin da Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo a 2015, wanda ya tanadi ɗauri ga masu rubutu a kafafen sada zumunta, surutun jama'a ne ya sa majalisar dattawa ta janye shi a 2016. Dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sa wa hannu a ƙarshen Mayun 2018, wadda ta mayar da shekarun ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, matasa ne suka yi ta bin ta da rubutu da tattaki daga majalisar tarayya zuwa majalisun jihohi har ta tabbata.

Idan ka jera waɗannan kusa da rubuce-rubucen da ka ce sun tashi a banza, bambancin a fili yake. Waɗanda suka yi aiki an ɗaure su ne a jikin wata matsala mai suna, mai wuri, mai adadi, wadda za a iya cewa an warware ta ko ba a warware ba. Waɗanda suka watse an ɗaure su ne a jikin mutum. Kuma wannan ita ce cutar da ta fi cin sharhin siyasa a Arewa. Kafin zaɓen 2015 alƙaluma masu kaifi sun cika ko'ina, kowane hari ana ƙirga gawa, kowace badaƙala ana bin diddigi. Da gwanin mafi yawansu ya hau, sai kaifin ya dakushe. Aka shiga shekarun da ake kashe mutane a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, ana kwashe ɗalibai ɗaruruwa a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, mutanen da a da ba sa barin ko kwana ɗaya ya wuce ba su yi magana ba suka koma neman uzuri, wasu suna cewa a yi addu'a kawai, wasu suna zargin duk mai kuka da cewa ɗan adawa ne. Su kuma waɗanda suka yi shiru kafin 2015 sai a lokacin bakinsu ya buɗe. Jama'a suna kallo. Talaka ba ya karanta littafin falsafa, amma ya san wanda kukansa ke bin jam'iyya. Ranar da ya gane haka, ranar ya daina ɗaukar maganar marubuci da nauyi, kuma yana da gaskiya. Amincin da ka ce mutane sun daina ba mu, a nan ya zube.

To ka ga maganin wannan ai ba ficewar masu gaskiya ba ne. Gonar da manomi ya yi fushi ya bari, ƙuduji ne ke gadonta. Ranar da kai da irinka kuka tattara kuka tafi, sojan baka ba zai bi ku ba, yana nan a filinsa na ƙarfe tara, ɗan data yana nan da wayarsa. Abin da zai ragu kawai shi ne muryar da yaro ɗan shekara ashirin zai ji ya gane cewa ana iya sukar gwamna ba tare da an zagi mahaifiyarsa ba, ana kuma iya yaba aikin da ya yi kyau ba tare da an karɓi ko sisi ba.

Akwai wurin da ka ce wannan ɗabi'a ta tsayawa a bainar jama'a ana tuhumar shugabanni baƙuwa ce a wurinmu, wayar hannu ce ta kawo ta, tarbiyyarmu ta girmama na gaba ce. Wannan magana ta fi komai ba ni mamaki daga mai karatu irinka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a biya wa mutum buƙata. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya yi abin da ya fi wannan wuya. Ana tsakiyar jihadi, nasara tana zuwa, ya dubi mutanen ɓangarensa ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukata, ya faɗa a rubuce, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Mutumin da ya soki nasa a lokacin da nasa ke cin nasara, shi ne kakan duk mai sharhin kirki a ƙasar nan, kuma babu wanda ya taɓa cewa Malam Abdullahi ba shi da tarbiyya.

Ka sauko zamanin Turawa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma wasiƙun masu karatu da ta riƙa bugawa sun koya wa mutanen Arewa cewa ana iya kai kuka a rubuce a ga sunan garinsu a takarda. Sa'adu Zungur ya yi amfani da waƙa da muhawara ya girgiza masu sarauta da 'yan boko baki ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa, wanda ba wanda zai kira shi mai tsaurin ido, ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. A watan Agustan wannan shekarar aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Idan da ma'auninka za a auna NEPU, to ba ta tsinana komai ba, domin ba ta taɓa kafa gwamnati ba. An ɗaure 'ya'yanta, an yi musu bulala a gaban alƙalai, an kore su daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma ka duba abubuwan da suka yi ta nanatawa a waƙa da lacca da takarda. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. A wannan shekarar Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Daga 1950 zuwa 1979 shekara 29 ke nan. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, bai ga ko ɗaya daga ciki ba. Da ya zauna a shekararsa ta ƙarshe ya yi irin lissafin da ka yi, da shi ma ya ce wa matasa su koma gona. Kai kana neman a biya ka ladan rubutu a zangon mulki guda, alhali waɗanda suka share mana hanya jikokinsu ne suka karɓa.

Batun haɗari shi ne mafi nauyi a makalarka, kuma ba zan raina shi ba. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa da ke Barnawa a Kaduna cikin dare a farkon Agustan 2019, har yau iyalinsa ba su san inda yake ba. Kafin shi akwai Bagauda Kaltho, ɗan jaridar da ya ɓace a zamanin Abacha. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a Oktoban 1986. Doka ta 4 ta 1984 ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar da kowane mai iko ke ɗauka ya maka wa wanda ya ɓata masa rai, har kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024, amma kamen bai tsaya ba. A Kano a 2022 kotu ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Ƙetaren iyaka ma haka abin yake. A Yamai an tsare 'yar jarida Samira Sabou makonni a 2020 kan abin da ta rubuta game da badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro, sannan bayan juyin mulkin 2023 aka sake ɗauke ta, wato farar hula da soja duk ba su bar ta ba. Duk uban da ya karanta wannan jeri ya ce wa ɗansa ya yi shiru, ba zan zarge shi ba.

Amma ka lura maganganunka biyu suna karo da juna. Ka ce rubutun ba ya tasiri, ka kuma ce masu mulki suna farautar masu yin sa. Babu gwamnatin da za ta rufe Twitter wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, saboda abin da ba ya damunta. Babu sanatan da zai kawo ƙudirin da ya tanadi rataya kan kalaman ƙiyayya, kamar yadda aka yi a 2019, idan maganar mutane iska ce. Gwamnatin Kano ba za ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai tsaye a gidajen rediyo a Mayun 2025 ba, da ba ta san cewa ana saurare ba. Su sun san nauyin abin da ke hannunmu fiye da yadda muka sani.

Kuma shiru ba ya rage haɗarin, tattara shi yake yi ya ɗora wa mutum ɗaya. Ka tuna ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwamban 2022 saboda abin da ya rubuta a kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Abin da ya rubuta bai dace ba, ni ba zan kare shi ba. Amma an ɗauke shi daga makaranta zuwa Abuja, aka gurfanar da shi, aka tura shi gidan yari, kuma abin da ya fito da shi cikin 'yan kwanaki shi ne hayaniyar da ta tashi ta ko'ina, ɗalibai suka yi barazanar fita titi, lauyoyi suka tsaya, aka janye ƙarar. Da kowa ya bi shawararka a wannan mako, da yaron ya daɗe a ciki. Abin da ya fi ci mini rai a batun Dadiyata shi ne yadda aka mayar da ɓacewarsa maganar ɓangare. Saboda an san inda ya karkata a siyasa, waɗanda ke ɗaya gefen da yawa suka kawar da kai, kamar ba ɗan wani ba ne, kamar ba mijin wata ba ne, kamar ba shi da 'ya'ya. Mai ɗauke mutane ya koyi darasi daga wannan: idan ya taɓa ɗan wancan gida, 'yan wannan gida ba za su ce uffan ba. Abin da ya kamata ka koya wa matasa ke nan, cewa ranar da aka kama wanda suka fi ƙi a fagen, ranar ce ya wajaba su fi kowa ɗaga murya, su nemi a kai shi kotu a bainar jama'a ko a sake shi.

Game da ƙarya, ka yi gaskiya cewa ta yi yawa. An kai matsayin da shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya tsaya a Poland a Disambar 2018 yana tabbatar wa jama'a cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan ba. Ana ɗauko hoton gawarwaki daga wata ƙasa a ce a Filato aka yi jiya, kafin a gano gaskiya an tare hanya an kashe matafiya. Wanda ya tura irin wannan ba tare da bincike ba yana da kaso a jinin, ko da bai taɓa riƙe wuƙa ba, kuma addininmu ya riga kowace doka umartar mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Amma wa zai tantance idan masu iya tantancewa sun tafi hutu? Dokokin da ake kawowa da sunan yaƙi da ƙarya mun ga wa suke kamawa. Ba mu taɓa jin an kama sojan bakan gwamna mai ci saboda ya yi wa ɗan adawa ƙazafi ba. Ƙaryar da ke yawo a cikin Hausa, a cikin Hausa za a ƙaryata ta, kuma mai yin hakan sai wanda mutane suka sani, suka gwada shi shekara da shekaru ba su kama shi da son rai ba. Irin wannan mutum ba a ƙera shi a dare ɗaya. Kai kana cikinsu, shi ya sa tafiyarka ta dame ni.

Wannan ya kawo ni ga giɓin da ban ga ka taɓo ba ko sau ɗaya. Kusan duk takardun da ke yanke hukunci a kan rayuwar Bahaushe da Turanci ake rubuta su. Kasafin kuɗin jiha littafi ne mai ɗaruruwan shafuka, cike da lambobi da kalmomin akawu. Rahoton babban mai binciken kuɗi haka yake. Kason da kwamitin rabon arzikin ƙasa ke bai wa kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, ba a ɓoye yake ba, amma mutum nawa ne a Gwarzo ko Ɗanbatta ko Mai'aduwa ya taɓa jin adadin da ya shigo da sunan ƙaramar hukumarsa a watan jiya? A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Jihar Kano kaɗai tana da 44. Ko hukuncin ya fara aiki a ƙasa, ko kuɗin suna isa, ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ya samu magani, ko an biya malaman firamare, waɗannan tambayoyi ne da jaridun Legas da Abuja ba za su zo su yi mana ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Sau da yawa ba sa amsawa, amma rashin amsar ma labari ne, idan an ajiye kwafin takardar da hatimin ranar da aka karɓa.

Wannan aiki ba shi da armashi irin na zagin gwamna. Ba ya tara dubban masu tafi, ba ya sa a kira mutum jarumi. Sai an zauna da takarda, a nemi wanda ya san lissafi ya duba, a hau babur a je a ga ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta an haƙa tana nan, a tambayi mai unguwa, a ɗauki hoto, a rubuta da Hausar da tsohuwa za ta gane idan jikanta ya karanta mata, sannan a dawo bayan wata uku a sake tambaya. Amma shi ne ya fi wuyar kai mutum kotu, domin babu alƙalin da zai ɗaure ka a kan lambar da gwamnati ta buga da hannunta. Shi ne kuma ya fi wuyar saye, tunda ɗan siyasa yana sayen yabo ne da zagi, ba shi da abin da zai yi da mai bin diddigin kwalbati. Sana'ar da ka ce matasa su kama, su kama, ni ma ina goyon bayan haka, domin mai abin hannunsa ya fi ƙarfin a rufe masa baki da kuɗin data. Sai dai tela da mai gyaran waya da malamin makaranta su ne suka fi kowa sanin titin da ba a yi ba da ajin da rufinsa ya yaye, kuma babu abin da ya hana su yin sana'a da rana su rubuta abin da suka gani da dare.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam, idan ka gaji da sunayen 'yan takara, ka bar su, babu wanda zai yi kewar wannan. Ka ɗauki ƙaramar hukumarku kaɗai. Ka nemo abin da ya shigo mata a watanni goma sha biyu da suka wuce, ka jera shi wata-wata da Hausa, ka sa kusa da shi ayyukan da aka ce an yi, ka kira biyu ko uku daga cikin matasan da ka ce su ajiye alƙalami ka tura su mazaɓu su gano da idonsu. Ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar takarda ka nemi bayanin bambancin, ka ba shi kwana bakwai ɗin da doka ta ba shi, sannan ka buga amsarsa yadda ya ba da ita, ko ka buga cewa bai amsa ba.